Baƙin Tabo a Ƙafar Yaya

Yayana manomi ne a wani ƙauye kusa da Sandamu. Wata damina baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafar hagu, ya ce ƙaya ce ta karye a ciki. Wanzami ya tsaga bai ga komai ba, wurin kuma ya ƙi warkewa. Sai da kaluluwa ta fito masa, ta yi tauri kamar goro, sannan ya yarda na goya shi a babur zuwa asibiti a Daura. Daga nan aka tura mu Kano, aka yanki 'yar tsoka don gwaji.

Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce ciwon daji ne. Ta juyo mana da kwamfuta, ta nuna hoton tsokar.

"Malam, ka ga ɗige-ɗigen nan da suka cure wuri ɗaya? Ƙwayoyin garkuwar jikinka ne, sun taru a gefen ciwon suna yaƙarsa. Ba a jikin kowa suke taruwa haka ba. Akwai sabon magani mai ƙara musu ƙarfi, kuma ya fi yi wa irinku aiki."

Yaya ya gyara zama. "To, likita, a ba ni mana."

Ta ce, "Ba mu da shi, daga waje ake kawowa. Zan nema, amma ban yi alkawari ba."

Aka ɗora shi a kan maganin da ke akwai, wanda ya hana shi sha'awar abinci. Duk da haka yakan sa matarsa ta dama fura cikin ƙwarya, ya runtse ido ya shanye, ya amayar, ya ce a ƙaro.

"Yaya, ka huta haka nan," na ce masa wata rana.

"Mayaƙan nan da likita ta nuna mana suna can suna yi mini aiki, in bar su da yunwa?"

Duk Litinin nakan kira likitar, amsar ɗaya ce. Da kaka ciwon ya kai hanta, idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Ya daina tambayata abin da ta ce, ni ma na daina kira.

Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi. Ni na yi masa wanka tare da limamin ƙauyen. Da muka zo ɗaga shi, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan.