Jakar da Alhaja Ta Zauna a Kai

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman duniya waɗanda yanzu sai an tuna mini su. Amma makon da ƙasar mijina ta ce ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsa daki-daki. Ba don na san siyasa ba. Ni mai sayar da waina da miyar taushe ce a Agege, a nan aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma kafin wannan mako ban taɓa zaton maganar da manya suke yi a ɗakunan taro za ta iya biyo ni har bakin tandata ba.

Mijina Bagobiri ne, mutumin wani ƙauye kusa da Maraɗi, da tsagensa raɗau a kumatu. Mahauci ne a kwata. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda zai yini a gida ba ki san yana nan ba sai kin ji motsin buta. Ni kuwa Allah ya hore mini baki, shi ya sa mutane ke cewa an haɗa daidai. Sama da shekara ashirin muna haya a gidan wata dattijuwa Bayarabiya da duk unguwa ke kira Alhaja. Kowa ya san tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa, to su biyun nan sun ɗauki abin kamar sana'a. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "bawana". Shi ma idan ya dawo daga kwata sai ya miƙa mata 'yar hanta a leda ya ce, "Ungo, baiwata, kada yunwa ta kashe mini ke." Ita kaɗai ce na san tana iya sa shi dariya har a ga haƙoransa.

Ranar wata Lahadi da yamma muka ji labarin a rediyo. Ƙasarsu da wasu ƙasashe biyu sun ce sun fita daga ƙungiyar. Dama tun watannin baya iyaka a rufe take, mutanensu da ke kawo shanu sun daina zuwa, kowa zuciyarsa a ɗar-ɗar. Ina yankan alayyafo na ce, "To, Allah ya kyauta," na ci gaba da aikina. Shi kuwa ya kashe rediyon ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari da safe yana ɗaura takalmi zai tafi aiki, Alhaja na zaune a kujerarta ta bakin ƙofa tana goge haƙori da asuwaki. Tana ganinsa ta cire asuwakin ta fara, da Hausarta mai karyewa.

"Bawana, na ji 'yan'uwanka sun ce ba sa yi da mu. To kai me kake jira? Tattara kayanka ka bi su. Ɗakina ma akwai mai so."

Masu jiran waina suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da tafa hannu, na ƙara da cewa, "Alhaja, ki bar mini ɗakin, shi kaɗai zai tafi." Abin da ban lura da shi ba, kuma har gobe yake cin raina, shi ne bai rama ba. Mutumin da bai taɓa barin Alhaja ta ci bulus ba, ranar sai ya yi ɗan murmushi ya wuce. Shekara ashirin da bakwai muna tare, amma juya waina ya hana ni kallon fuskarsa.

Kwana biyun da suka biyo baya unguwa ta cika da jita-jita. Wannan ya ce an fara tare mutane a danfo ana tambayar takardu, wancan ya ce an ba 'yan Nijar wa'adi. Duk wanda ka tambaya ko ya gani da idonsa sai ya ce a'a, wani ne ya gaya masa. Masu gadi biyu na layinmu, 'yan can ne su ma, suka daina zama a waje da rana. Ni dai dariya nake yi wa masu kawo mini irin wannan labari, ina ce musu su sayi waina ko su ba ni wuri.

Ranar Laraba ya dawo tun kafin azahar, da wuƙaƙensa duka naɗe cikin buhu, har da dutsen washi. Bai taɓa kawo su gida ba, a kwata suke kwana. A ɗaya hannun kuma jakar bakko sabuwa fil, babba. Gabana ya faɗi. Na bi shi ɗaki na rufe ƙofa.

"Malam, lafiya? Wannan jakar fa?"

"Na bar wa abokin aikina teburi," ya ce, bai kalle ni ba. "Jumma'a in an sauko masallaci ni tahi. Akwai motar shanu da za ta koma Sakkwato, daga can na san hanya. In na gyara wuri sai ki biyo ni."

Na ce, "In biyo ka ina? Ni da ko Kano sai da biki nake zuwa?"

Na yi masa ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce 'yarmu tana Ajegunle da tsohon ciki, ɗanmu yana tsakiyar karatu, kabarin iyayena yana nan, a kan maganar rediyo zai watsa mana gida? Na ce idan wasan Alhaja ne ya ɓata masa rai, to ya ji kunya, shi da ya fi kowa sanin wasa ne. Ya bari sai da na gaji don kaina, sannan ya zauna a bakin gado.

"Na san wasa ne," ya ce. "Amma zauna ki ji abin da ban taɓa hwaɗa miki ba."

A ranar na san cewa zuwan da ya yi muka haɗu ba shi ne zuwansa Legas na farko ba. Ya taɓa zuwa yana saurayi, yana dako a Idumota, sai aka yi korar baƙi ta wancan zamani. Ya ce shi ma a lokacin da wasa aka fara. Abokan aikinsa suna tsokanarsa suna cewa ya shirya, yana dariya yana ramawa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a bayan babbar mota, a tsaye, jiki na gugar jiki, da riga ɗaya da ƙafa ɗaya ta silifa, kwana biyu babu wurin zama. Ya ce waɗanda suke wasan da shi suna tsaye a bakin titi suna kallo, ba don mugunta ba, babu dai abin da za su iya.

"Sannan ina da ƙarhi," ya ce. "Yanzu na tsuhwa. Ba ni son ɗiyana su ga an loda ni kamar sa. Gara in tahi da ƙahwata."

Bakina ya mutu. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don na tuna tafin da na yi ranar Litinin. Ashe duk shekarun nan da nake ganin mun zama 'yan gari, shi a zuciyarsa baƙo yake, yana jiran ranar da za a ce ya tashi. Duk da haka ban sauko ba. Na ce masa ni ba inda zan je. Ya ce ya ji. Muka kwana kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Ranar Alhamis ban hura wuta ba. Na bari ya fita sallamar mutane, na hau sama wurin Alhaja. Da Yarabanci na yi mata magana don kada wata kalma ta ɓace a hanya, kuma ban ɓoye mata fushina ba. Na ce mata wasanta ya raba ni da miji. Da farko ta yi dariya, ta ɗauka sabuwar tsokana ce ya aiko ni da ita. Da na ba ta labarin motar nan sai ta yi shiru, ta daɗe tana kallon ƙasa. Na zaci za ta ce in kira shi ta ba shi haƙuri. Sai kawai ta tambaye ni ƙarfe nawa motar za ta tashi. Na gaya mata. Ta ce, "Je ki, iyawo." Haka take kirana, wato amarya, har da furfurata. Na sauko ina cewa a raina tsohuwar nan ba ta da imani.

Ranar Jumma'a ya fito da jakar ya ajiye a soro, ya tafi masallaci. Ni ina ɗaki ina kuka ina soya masa nama na guzuri, don duk fushina ban iya barin sa ya kama hanya da yunwa ba. Da aka sauko na ji hayaniya a waje. Ina leƙawa sai ga Alhaja, da gwaggwaronta na zuwa biki, zaune daram a kan jakar, ta dafa sandarta. Mutane sun fara taruwa. Shi kuma yana tsaye a gabanta da darduma a kafaɗa.

"Alhaja, tashi, mota na jirana."

"A ina ka taɓa jin bawa ya yi tafiya ba da izinin uwargijiyarsa ba?"

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Yau ba ranar wasa ba ce."

Ta kalle shi, ta ce, "Gaskiyarka." Sai ta kira shi da sunansa na yanka. Wallahi ban san ta ma san sunan ba. Shi kansa sai da ya ɗago kai. Ta miƙa masa hannu ya tashe ta, ba ta saki hannun ba, ta ja shi zuwa gefen gida inda kabarin mijinta yake, don su a gida suke binne nasu. Na bi su a baya da ludayi a hannu.

Ta nuna kabarin da sanda. "Wa ya yi wa wannan wanka?"

Ya ce, "Ni da liman."

"Wa ya shiga rami ya karɓe shi?"

Ya yi shiru.

"Kai ne," ta ce. "'Ya'yana suna ƙasar waje, sai da aka yi kwana uku suka iso." Ta matsar da sandar zuwa filin da ke kusa da kabarin. "Nan ne wurina. Na riga na gaya musu kai za ka sa ni a ciki. Yanzu idan ka tafi, wa zan samu? Ban san abin da gwamnati za ta yi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma duk wanda ya zo ɗaukar ka a gidan nan, ba a bakin titi zai same ni ina kallo ba. Sai ya fara loda ni."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Mijina ya tsuguna a wurin, ya rufe fuska da darduma, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka aiko masa da rasuwar mahaifiyarsa. Maƙwabta suka sunkuyar da kai, ɗaya bayan ɗaya suka watse. Wani mai walda na layinmu, shi ma Bayarabe, bai ce da kowa komai ba, ya ɗauki jakar ya mayar mana ɗaki.

Direban motar ya bugo waya har sau uku. A na ukun mijina ya ɗauka ya ce, "Ku tahi, Allah ya tsare." Naman guzurin da Alhaja muka ci shi, tana ci tana cewa gishiri ya yi yawa. Ranar Asabar abokin aikinsa ya mayar masa da teburinsa, ya ce dama bai ɗora komai a kai ba. Bayan mako guda ni na matsa masa ya je ya sabunta takardunsa, don hankalinsa ya ƙara kwanciya. Har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce mu tashi. 'Yarmu ta haihu a watan da ya biyo baya, shi ya yanka ragon suna da hannunsa. Alhaja tana nan da ranta, ta ƙara tsufa, bakin dai bai tsufa ba.

Har yanzu ban gane dalilin fitar ƙasashen nan ba, ban kuma san ko wata rana za su dawo ba. Wannan na manya ne. Abin da na koya ƙarami ne, amma ya ishe ni. Za ki iya zama da mutum rabin rayuwarki, kuna ci a kwano ɗaya, kina ganin ai ya san ku nasa ne, alhali bai taɓa jin an faɗa masa ba. Mu duka muna ƙaunar mutumin nan, amma da tsokana muke nuna masa, har ya kusa tafiya bai sani ba. Tun daga ranar, duk wanda na san nawa ne, nakan ajiye wasa gefe ko sau ɗaya, in dube shi in gaya masa da bakina.