Girka a Cikin Tire

'Yata ta daina amsa mini da Hausa tun tana aji huɗu. In yi mata magana, ta mayar mini da Turanci. Abin yana ci mini rai, amma na yi ta haɗiyewa.

Wata Asabar muna gidanmu na Glenwood, babanta ya bugo waya daga wurin aiki, ƙarar injina ta cika layin. Ya ce, "Yarinyar nan tana da aikin Girka a school, ki taimaka mata." Ni kuwa girki na ji. Nan da nan na ɗora tukunya, na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka, ina jin yau dai an zo fagena.

Ta shigo kicin, ta ji bayanina, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe ƙasar Girka ake nufi. Malamarsu na so su nuna yadda duwatsu da teku suka tsara rayuwar Girkawan dā.

Kunya ta kama ni, sai na murje ido. Na jawo babban tire na ce ta gwada mini a nan. Ta jera malmala a matsayin duwatsu, ta ce su suka raba garuruwa, kowanne da dokarsa da girman kansa. Ta gutsura ƙanana, tsibirai ke nan. Na kwarara miya a tsakani. Ta ce ƙasar ba ta ba da hatsi sosai, shi ya sa suka bi ruwa da jirage, suna kai man zaitun suna sayo alkama.

Na ce ai wannan garinmu ne a Filato. Ƙauyen da ke bayan dutsenmu yarensu daban, sarkinsu daban, in ba a kasuwa ba, ba ma haɗuwa.

"To ku ina tekunku?" ta tambaya da Turanci.

Na ce, "Hausa. Da ita muke ƙetarawa wurin juna."

Ta ɗauki hoton tiren, shi ta kai aji, kuma malamar ta manna shi a bango. Na yi murna, amma ba wannan ne ya sa ni rawa ba. Ranar nan da muka zauna muna cinye Girka, ta miƙo mini kwanonta, harshenta na ɗan karkacewa, ta ce da Hausa, "Mama, ƙara mini teku."

Na cika mata kwanon har yana zuba.