Inci Goma da Suka Kai Ni Doguwa

Ana idar da sallar asuba ranar Talata muka bar gida, ni da gwaggona da ƙawata mai ɗaukar mini hoto. Waɗanda suka daɗe suna bin shafin nan sun san ba ni da dogon surutu. Hoton kaya nake ɗorawa, in faɗi irin yadin da yadda na haɗa shi, shi ke nan. Yau zan ɗan tsawaita, domin da yawanku kun tambayi inda aka ɗauki hoton farar rigar nan mai baƙin gindi, da kuma wanda ya saƙa ta.

Ga dalilin tafiyar. Wata biyu da suka wuce wata Hajiya mai shagon tufafin mata a cikin Kano ta ga shafina ta kira ni. Ta ce in kawo mata riguna uku na saƙar hannu ranar da za ta baje kolin sabbin kayanta. Idan sun yi mata, za ta ba ni kusurwa guda a shagon in riƙa rataye ɗinkina da sunana a jiki. Shekara uku ina ɗora hotuna tsakanin lakca da lakca, kuma wannan ne karon farko da wani ya ce in kawo abin a hannu ya taɓa. Na zana mata a takarda doguwar riga mai buɗaɗɗen gaba wadda ke sauka har idon sawu, ta amince. Baje kolin ranar Asabar ne. Saƙar kuwa tana Ɗansoshiya, cikin ƙasar Kiru, wajen Inna Ladi, ƙawar marigayiya kakata. Gwaggo ce ta kai mata saƙona tun a lokacin: falle tara na farar saƙa, kowane kamu uku da rabi.

Bas ɗin da muka samu ta cika da wuri. Ƙarshen damina ne, hanyar Zariya hagu da dama kore shar, gero ya sunkuyar da kai, wasu har sun fara karyar masara. Da muka shiga ƙasar Bebeji direba ya tsaya shan mai, masu soyayyen kifin Tiga suka rufe tagogin. Kifin ya fi na cikin gari girma, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Gwaggo ta san matar da muka saya a wajenta. Ta ce mini asalin garinsu yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin, tun ba a haife ta ba aka taso iyayenta. Na ci nawa da hannun hagu a ɓoye cikin mayafi, don kada mai ya taɓa littafin awona. Ƙawata ta yi ta yi mini dariya.

A Kwanar Ɗangora muka sauya mota. Gwaggo ta ce ba za a ratsa ƙasar Kiru ba a shiga gari an gaida dangi ba, sai muka shiga. Gida uku, gaisuwa uku, kwanon abinci uku. Kowane gida aka tambaye ni karatu, na ce alhamdu lillahi, aka tambaye ni sana'ar waya da aka ji ina yi, na rasa yadda zan bayyana, Gwaggo ta amsa mini da cewa "tela ce, amma a hoto." Daga nan acaɓa ce ta kai mu Ɗansoshiya, ta cikin gonakin dawa da suka fi mu tsawo, ruwan daren jiya yana kwance a ramukan hanya.

Mun tarar da Inna Ladi a rumfar tsakar gida, masaƙarta a jingine da bango. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni kaina na manta. Sai da muka sha ruwa sannan ta sa aka ɗauko ƙunshin. Ban taɓa ganin saƙa irin wannan ba. Audugar gonarsu ce, ita ta kaɗa zaren da mazari, farin ba mai ƙyalli ba ne, kamar na nono. Na shafa na sake shafawa. Sannan na ciro tef ɗina na auna falle na farko.

Inci hamsin da uku. Na auna na biyu, haka. Na auna duka taran, babu wanda ya fi wani ko da rabin inci. Ni kuwa sittin da uku nake bukata.

A wani littafi na ɗakin karatun jami'a na karanta cewa kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, rabin yadi ne. Da wannan na yi lissafina, har sau biyu, na rubuta a tsanake. Abin da littafin bai gaya mini ba shi ne masaƙiya da hannunta take awo, kuma hannun Inna Ladi gajere ne. Na ɗora falle ɗaya a kafaɗata, ya tsaya mini a tsakiyar ƙwauri.

Gwaggo ta lura da fuskata, ta faɗa wa Inna. Tsohuwar ta karɓi fallen, ta dafa gwiwar hannunta a bakinsa ta auna a gabanmu: ɗaya, biyu, uku, da rabi. Cif.

"Kamu uku da rabi aka ce mini, ga shi nan," in ji ta. "Da hannun nan na auna zanen auren kakarki, ba ta dawo mini da shi ba. Ke hannun wa kika aiko a auna da shi?"

"Na littafi, Inna," na ce a hankali.

"To, sai ki kai wa littafin ya saƙa miki ragowar."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa idona ya cika. Sabuwar saƙa ba za ta yiwu kafin Asabar ba, ɗaura zaren kawai wuni guda ne. Idan na ƙara yadin kanti a gindi, Hajiya za ta gane daga nesa, kuma saƙar hannu ta ce in kawo. Na zauna a tabarma ina kallon lambobin da na rubuta da kyakkyawan rubutu.

Inna ta bar ni na ɗan jima a haka, sannan ta ce a zamaninsu idan zane ya gaza, ba a jefar da shi, baki ake yi masa da saƙar maza, wato siraran tsirin nan masu faɗin tafin hannu. Ta ce ƙanenta Malam Idi yana can wajen Doguwa, har yanzu yana saƙa irinsu yana rinawa da shunin baba. "Ki je ki ce ni na aiko ki. Amma ke za ki yi magana da bakinki, ba gwaggonki ba. Ba ya son aike a kan aike." Kafin mu tashi na roƙe ta ta miƙo hannunta, na auna shi da tef na rubuta: kamun Inna Ladi, inci goma sha biyar. Ta ce in rubuta da kyau kada littafin ya sake yi mini ƙarya.

Ba mu shirya zuwa Doguwa ba, kaya ɗaya kowa ta ɗauko. Muka koma Kwanar Ɗangora muka hau motar Tudun Wada, muka isa gab da magariba. Garin duk ƙamshin sabuwar masara yake, an shanya ta a bakin titi, buhuna a jere, manyan motoci suna lodi. Mun kwana gidan wata aminiyar Gwaggo, wadda ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta kuma ce ita ba ta ga laifin riga ta tsaya a ƙwauri ba, tun da ba a gona za a sa ta ba.

Da safe muka nufi kudu. Direbobi sun fi son ratsa dajin Falgore da rana tsaka, motoci suna bin juna, don haka sai da muka jira mota ta cika. Dajin ya fi yadda nake zato duhu da sanyi. Sabis ya ɗauke, hirar cikin mota ta yi ƙasa, wani dattijo yana ta jan carbi. Muka ga birai biyu a gefen hanya suna kallon mu kamar mu ne abin kallo. Da muka fita, ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka bayyana, matan Fulani da ƙwarya a ka suna tafiya a jere a gefen titi. Mun sha fura da nono a wajensu, nonon mai kauri, ba a tsinka shi da ruwa ba.

Malam Idi yana zaune ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gidansa, ƙafafunsa suna aiki a masaƙa, zaren ya miƙe can gaba an danne ƙarshensa da dutse. Muka yi sallama muka gaishe shi. Gwaggo ta ja baya, ta bar ni. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na durƙusa na fara bayani. Na nuna masa shafina a waya, ya duba sau ɗaya ya mayar da kansa ga aikinsa. Na ga wannan ba za ta fisshe ni ba, sai na kwance ƙunshin na miƙa masa falle ɗaya, na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, har da littafin.

Ya tsayar da ƙafafunsa. Ya juya fallen, ya ɗaga shi ga rana, ya murza gefensa.

"Hannun Yaya ne," ya ce. "Har yanzu tana matse baki kamar mai jin haushin zare." Ya dube ni. "Ke ce kika auna ta da littafi?"

"Ni ce, Baba."

"Da kin zo wajena da kamu uku da rabi, da rigar ta share miki ƙasa." Ya miƙe hannunsa, dogo ne kamar muciya.

Ya shiga ɗaki ya fito da naɗin saƙa, baƙi mai sheƙin shuni, da ɗan jan layi a tsakiya. Irin wanda makiyaya ke saya ne. Tsiri biyu a jere suka ba da inci goma daidai. Na auna, ya bar ni na auna, yana murmushi. Na ce idan na koma zan haɗa a keken ɗinki. Ya ce a'a, keke yana tattare saƙar hannu. Ya ɗauko allura ya nuna mini yadda ake haɗa baki da baki, ba a ɗora wani kan wani, har ɗinkin ya kwanta kamar tare aka saƙa su. Ya yi falle ɗaya, ya ba ni na biyu. Sau uku yana warware nawa. A na huɗu ya bar shi.

Kafin la'asar mun gama falle uku, na riga guda. Na harhaɗa su a jikina da fil, muka hau wani dutse a bayan garin, ƙawata ta ɗauki hoton da kuka gani. Iska tana kaɗa farin, baƙin gindin yana riƙe shi ƙasa saboda nauyinsa. A takarda ban taɓa tunanin wannan ba. Rigar da na zana fara ce fat, kuma yanzu na san da ta yi fayau. A saman dutsen ne sabis ya kama sosai, a nan na ɗora hoton. Kafin mu sauko wayata ta fara rawa, ba ta daina ba har muka sake shiga daji washegari.

Mun iso Kano ranar Alhamis da azahar, ƙafafuna a kumbure, yatsana duk hudar allura. Sauran falle shida ni kaɗai na haɗa su da ragowar saƙar Malam Idi da na taho da ita, Alhamis da Juma'a, har na rasa lakca biyu, abin da ban taɓa yi ba.

Ranar Asabar Hajiya ta karɓi rigunan. Ba ta dubi gabansu ba ma, sai ta juya ɗaya ciki waje, ta bi layin haɗin da farce daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce wannan ba shi ne abin da na zana mata ba. Na ce haka ne, na ba ta labarin a taƙaice. Ta tambayi wanda ya yi haɗin, na ce falle na farko Malam Idi, sauran ni. Ta ce in nuna mata wanne ne nasa. Na duba, na sake dubawa, ban iya rabewa ba. Sai ta kira mai kula da shagon ta ce a kwashe kayan da ke kusurwar taga, wurin nawa ne daga yau. Kafin a tashi daga baje kolin an ɗauke rigunan uku, wasu mata suna tambayar yaushe za a kawo wasu.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Shekara uku ina rubuta muku sunayen yadi da tarihin ɗinki daga abin da na karanta, ban taɓa zama gaban masaƙa ba sai wannan makon. Ba zan daina karatu ba, amma ba zan ƙara aika saƙo inda ya kamata in je da ƙafata ba. Takardar da ke rataye a wuyan kowace riga suna uku take ɗauke da su: Inna Ladi ta Ɗansoshiya, Malam Idi na Doguwa, sannan nawa a ƙasa. Wadda duk ta shigo shagon, kusurwar taga ce ta hannun dama. Idan kin ga wata a tsaye a gefe ta kasa ɗaga kai ta yi miki sannu da zuwa, ni ce, ki yi mini magana.