Hankicin Don Casimiro

A gidan wasan Lucero da ke bayan titin Galiano a Habana, ba a taɓa rubuta sunan Casimiro Belen da manyan baƙaƙe ba. Sunan mawaƙiya ne a sama, sai na wanda ya ƙirƙiro waƙoƙin, sai na mai gidan. Nasa yana can ƙasa kusa da na tela, in ma an tuna da shi. Amma duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan ya san ba a ɗaga labule sai Don Casimiro, kamar yadda ake kiransa don girmamawa, ya yarda.

Haifaffen Guanabacoa ne, ɗan wata mai naɗa taba. Ya fara da busa begila a badujalar garinsu, daga nan ya shiga ramin da makaɗa ke zama gaban dandamali a gidajen majigi, zamanin da hotunan ba sa magana. Da haƙoransa na gaba suka soma girgiɗi sai ya ajiye begila ya ɗauki fensir. Masu ƙirƙirar waƙa kan zo masa da karin waƙa tsirara, ba kiɗa. Wani ya rubuto layi guda, wani ma da fito kawai yake zuwa, yana warin giyar rake. Shi kuma ya zauna a teburin cin abinci, bayan matarsa Herminia ta kwashe kwanuka, ya raba karin ga makaɗa: nan masu goge, nan sarewa, nan begila za ta shigo, nan kuma ganguna su yi shiru su bar mawaƙiya ta ja numfashi. In waƙa ta karɓu a yaba wa mai ita. In ta faɗi a ce kiɗa ne ya yi nauyi. Bai taɓa kawo ƙara kan wannan rabon ba.

Yana da wata al'ada da ta zama doka a gidan. Ranar gwaji ba ya zama gaba. Yakan hau matakala har benen ƙarshe, wanda ake kira akurkin kaji, inda 'yan dako na tashar jirgin ruwa da mata masu wankau ke zama a bencin katako. Can yake samun wuri a layin baya da farin hankici a hannu. In kalma ɗaya ta waƙa ba ta iso shi ba sai ya ɗaga hankicin, shi kuma Nemesio, mai jagorantar makaɗa da sanda, ya tsayar da kowa. Don Casimiro ya sauko yana haki, ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya yana soke abin da ya rubuta da hannunsa, har kalmar ta sami hanya.

"Na gaba ƙafafun 'yan rawa suka zo kallo," haka yakan ce. "Na akurki waƙa suka zo ɗauka, gobe su rera ta a bakin aiki."

Ba a gardama da hankici. Mai gidan ma ba ya yi.

Obdulia Varona ta zo daga Matanzas tana budurwa, cikin 'yan amshi, Don Casimiro ne kuma ya fara lura da muryarta. Tun daga nan duk babbar waƙar da ta yi ta hannunsa ta bi. Ya san inda numfashinta ke yankewa, sai ya sa sarewa ta ƙarasa mata, 'yan kallo su tafa suna cewa yarinyar nan ba ta gajiya. Ita ma ta sani, shi ya sa ba ta taɓa yi masa godiya ba sai da tsiya. Tsohon mujiya take kiransa, saboda zamansa sama cikin duhu. Shi kuma ya ce mata Gimbiya.

A shekarar da wannan abin ya faru Obdulia ta haura hamsin. An kawo sabon wasa, labarin wata mai wankau da ɗanta ya bi jirgin ruwa bai dawo ba, babbar waƙar kuma ta uwar ce, tana kiransa a bakin teku. Mai gidan bai ɓoye ba: in Obdulia ta ɗauki waƙar ta zauna, in ta kasa akwai 'yan mata a bayanta masu jiran gurbi. Don Casimiro ya ɗauki aikin da zafi. Ya yi niyyar rubuta mata kiɗan da zai rufe bakin kowa.

A gwajin farko, yana zaune a akurki, sai ya ji kiɗan ya iso shi a dushe, kamar an lulluɓe ramin makaɗa da bargo. Gangunan yana jin su, babban goge ma haka. Amma ƙananan goge da sarewa sun yi siriri har ba ya kama su. Ya koma gida ya ƙara musu. Washegari bai ji bambanci ba, ya sake ƙarawa, ya kuma shigo da begila a inda da babu ita. Muryar Obdulia kuwa tana zuwa, amma kalmomin ba su da baki, sai sauti kawai. Ya ɗaga hankici. Nemesio ya tsayar da makaɗa, kowa ya juya yana jiran ya sauko da fensirinsa. Bai sauko ba. A kunnensa kiɗan bai kai ya danne kowa ba.

"Gimbiya," ya ce daga sama, "ɗan naki kike kira ko raɗa kike yi masa? Ba na jin ki."

"Ka sauko ka ji mana, tsohon mujiya. Ko gwiwar ce ta ƙi?"

"Gwiwata lafiya lau. Buɗe baki."

Ta buɗe. Ya sake ɗaga hankici. Ta ƙara ƙarfi, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, tana kokawa da goge da sarewa da begila da aka jibga mata. Nemesio ya dubi makaɗa, makaɗa suka dubi takardunsu. A cikinsu babu wanda bai gane ba. Amma a wannan sana'ar ana iya ce wa makaɗi ya bugu, ana iya ce masa ɓarawo, ana iya gaya masa matarsa ta gudu da mai ganga, ya yi fushi ya huce. Ba a ce masa kunnensa ya mutu. Wanda ya faɗa kamar shi ya haƙa kabarin.

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Kullum hankici na sama. Obdulia ta daina mayar da tsiya, don magana ma ta soma yi mata ciwo. Tana yawo da tawul a wuya da kofin zuma da lemun tsami. Don Casimiro yana kallonta yana jin tausayi, yana cewa a ransa tsufa ya kama Gimbiya, sai ya koma gida ya ƙara mata sarewa don ya tallafe ta.

Wata safiya yana shan kofi da madara a bakin taga, Herminia tana tsince wake. Ya dubi kejin da ke rataye a baranda.

"Tsuntsun nan naki ba shi da lafiya," ya ce. "Tun damina rabon da ya yi kuka. Ki canja masa tsaba."

Herminia ta daina tsintar. Ta dubi kejin, ta dube shi. Ya bi idonta. Kanarin na tsaye a kan sandarsa, baki buɗe, maƙogwaro na rawa, duk ɗan jikinsa na girgiza da ƙarfin abin da yake rerawa. Don Casimiro ya daɗe yana kallonsa. Yana jin ƙarar motar kaya a titi, yana jin takun maƙwabta a bene. Daga kejin kuwa ko ƙis.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da ka daina jin butar shayi in ta tafasa."

"Kika yi shiru."

"Casimiro, me zan ce? Na ce in bari ka gama wannan wasan."

Ya ajiye kofin a hankali. Ba kansa ya fara tunawa ba. Wuyan Obdulia ya gani, da jijiyoyin nan a miƙe.

"Ki bar waken," ya ce. "Sa takalminki."

Sun isa gidan wasan kafin makaɗa su taru. Ya sami Obdulia a ɗakinta tana shaƙar tururin ruwan zafi. Ya tsaya bakin ƙofa da hularsa a hannu, abin da bai taɓa yi mata ba.

"Ni ne," ya ce. "Ba ke ba ce."

Ta ɗago kai. Muryarta ta dushe, sai da ya kalli leɓenta kafin ya gane.

"Na sani."

"Kin sani kika yi ta ihu?"

"Ka ɗaga hankici."

"Da kin jefe ni da takalmi. Kin iya ai."

"Na jefi Nemesio, na jefi mai gida. Kai kuwa da me zan fara? Kai ka ji ni lokacin da ba wanda ya san akwai ni." Ta yi tari, ta kurɓi zuma. "Yanzu kuma kada ka tsaya mini a kai da fuskar makoki. Saura kwanaki a buɗe. In kana da abin yi, je ka yi."

Ya shiga ramin makaɗa ya tattara takardun waƙar daga gaban kowa. Bai yi wa kowa bayani ba, ba kuma wanda ya tambaya. Mai sarewa ya miƙa tasa da hannu biyu. Don Casimiro ya zauna a kan akwatin ganga ya soma sokewa. Kunne ba zai taimake shi ba, sai ya koma ga abin da ya sani na muryarta tun tana budurwa, ya rage abin da shekaru suka ci, ya rage abin da shi ya ci a kwanakin nan. Ya sauke waƙar ƙasa kaɗan inda maƙogwaronta zai huta. Ya kwashe duk ƙarin da ya yi, har da wanda ba ƙari ba. Abu ɗaya ya bari: wani ɗan layi na begila a ƙarshe, inda uwar ke kiran sunan ɗanta, begilar na amsawa daga nesa kamar jirgi. Ya san bai taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba.

Da aka zo gwaji ya hau akurki da Herminia. Duk zamansu ba ta taɓa shiga gwaji ba, tana ta gyara zaman siket tana duban tsayin wurin. Ya ɗora mata hankicin a cinya.

"In kalma ta ɓace miki, ɗaga."

"Ni me na sani a kiɗa?"

"Ba kiɗa za ki ji ba. Magana za ki ji."

Daga ƙasa Nemesio ya ga wanda ke riƙe da hankici. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ɗaga sanda.

Obdulia ta soma a hankali, ba ta matsa wa kanta ba. Don Casimiro ba dandamali yake kallo ba, hannun matarsa yake kallo. Baiti ya wuce, wani ya wuce, hannun na kwance. Ya ga hawaye na bin kuncinta ba ta share ba, don kada a ce ta ɗaga hankici. Aka iso ƙarshe, mai begila ya kai ta baki. Sai hannun Herminia ya tashi, a ɗarare, bai ko wuce kafaɗa ba.

Aka tsaya.

"Me ya ɓace?" ya tambaye ta.

"Sunan yaron. Ban ji sunansa ba." Ta kama hannun rigarsa. "Amma busar ta yi daɗi, Casimiro. Wataƙila ni ce ban saurara da kyau ba."

Ya tashi ya sauka matakalar, yana dafa bango. Ya karɓi takardar mai begila ya ja layi a kan wurin.

"Don Casimiro," in ji mai begilar, "in busa a hankali mana. Ko in sa mata hula a baki."

"Ka ga hankici," ya ce.

An buɗe wasan, kuma ya daɗe ana yi. Obdulia ta riƙe gurbinta, mutanen akurki suka ɗauki waƙar suka kai ta wurin wanki da bakin tashar jirgi. Amma ƙololuwar muryarta ba ta dawo ba. Bayan wannan wasan ta yi wasu kaɗan, daga nan ta koma fitowa a matsayin kaka ko maƙwabciya mai faɗa, inda ba a bukatar dogon numfashi. Likita ya ce shekaru ne. Don Casimiro bai taɓa yarda shekaru ne kaɗai ba.

Da Nemesio ya kawo masa sabon wasa na wata sabuwar mawaƙiya har gida, da kwalin alewar gwaiba don Herminia, Don Casimiro bai ko kwance igiyar takardun ba.

"Ka rubuta, ita ta zauna a sama," in ji Nemesio. "Ai mun ga ya yi."

"Ya yi don na san muryar Obdulia. Yarinyar nan sabuwa ban taɓa jin ta ba, ba kuma zan ji ba. Ka kai wa mai kunne."

Ya rayu shekaru bayan haka. Yakan zauna ƙarƙashin rumfar kantin kusurwa yana buga domino da tsofaffin 'yan dako, wasan da ba ya bukatar a ji kowa. Bai sake taka gidan Lucero ba. Obdulia ce kan zo ranar Lahadi bayan coci, ta cika falon da turare, ta zauna kusa da shi ta kwashe masa tsegumin gidan kaf: wa ya bugu, wa ya yi ciki, wane sabon yaro ne ke jibga begila kamar ana bikin soja. In ta ga bai kama ba sai ta matso bakin kunnensa ta ɗaga murya. Shi kuma ya dafa hannunta.

"Kada ki yi ihu, Gimbiya," yakan ce. "Adana abin da ya rage."