Yadda Iyatu Mai Bagaruwa Ta Kada Ɗan Takarar Kamfani

Jama'a ku matso! Masu cewa sayen ƙuri'a sabon abu ne, yau Kaka Dije ta ba ni labarin kakarta.

Sunanta Iyatu, a Ƙofar Dundaye take zaune. Mijinta majemi ne, ya rasu ya bar ta da ɗiya huɗu da turmi guda. Sana'arta dakan bagaruwa, wadda majema ke jiƙa fata da ita. Ita da mata kamar goma ke ba majeman unguwa kaf. In an bar jima, gidanta ba a ɗora tukunya. Shi ke nan lissahin.

Shekara ashirin da wani abu bayan Turawa sun ci Sakkwato, shugaban majema ya rasu. Al'adarsu, masu gida su taru hili, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, wanda layinai ya hi tsawo a kai sunanai fada. Mutum biyu sunka hito. Baba Dodo, tsohon majemi mai faɗan tsiya, da Arzika, ƙanen mijin Iyatu, dillalin wani kamfanin Turawa mai sayen fatar jar akuya.

Kamfani bai son jemammiya. Busassa yake so, a ɗaure a kai jirgi. Sai ga jakkai suna shiga gida-gida da turmin yadin akoko, gishiri da sabulu. Kowane mai gida ya samu. Saƙo ɗaya: ku tsaya bayan Arzika, ku huta da wari, ku shanya fata ku kai kantin kamfani kawai.

Arzika har gida ya zo yi mata tsiya.

"Matar yaya, ki fara neman mai sayen turminki."

"Kai da nit tarar kana yaro kana kuka kan tuwo? Tahi can, ɗan Bature baƙi."

Mace ba ta tsayawa layi, ba ta da baki wurin zaɓe. To mi tay yi? Ta bi matan nan ɗai-ɗai tac ce kowa ta kife turmi. Saura kwana tara a taru. Majemi ya aiko sayen bagaruwa, a ce babu.

Baba Dodo da kansa ya zo yana huci.

"Ke Iyatu, ni kika so ki kashe? Fatuna na lalacewa!"

"Baba, ba hutu anka yi musu alkawali ba? Bari su ɗanɗana tun yanzu."

Wallahi matar ga ta san mutane! Ba bagaruwa, ba jima, dole kowa ya shanya fatunai ya ɗauka sai kanti. Can sunka sha mamaki. Akawun kamfani ya bar su cikin rana tun hantsi. Ya ɗaga fata ya ce ƙaya ta karce ta, ya jefar gefe. Wagga ta yi ƙanƙanta. Wagga wuƙa ta taɓa ta. Wani Mode, wanda dukawa masu ɗinkin fata ke layi ƙofar gidanai don jar fatarsa, akawu ya ture mashi rabi da ƙafa. Da ƙafa fa! Ya ce in bai so ya kai wani wuri. Ina wani wurin? Baduku bai sayen fatar da ba a jeme ba.

Ranar taro kowa ya zo cikin sabuwar rigar akokon kamfani, fari fat. Arzika na ta murmushi yana gaisawa. Anka ce a tsaya. Mode yaf fara tashi, ya wuce Arzika ko kallo babu, ya tsaya bayan Baba Dodo. Sai wani. Sai wani. Kaka Dije tac ce mutum bakwai kaɗai sunka rage ma Arzika, biyu cikinsu surukanai ne.

Iyatu na bayan katanga da matanta, guɗa ta tashi har liman ya aiko a yi shiru.

Kar ku ɗauka kamfani ya gudu. Ya ci gaba da sayen fatun ƙauye, Arzika ma ya yi arziki abinai. Amma jima ba ta mutu unguwar ba a zamaninta, kuma da bagaruwa ta aurar da ɗiyanta huɗu. Baba Dodo ko bai taɓa yi mata godiya ba. Har ya mutu yana cewa ta ɓata mashi fata goma sha biyu.