Jirgin Kawu a Ƙarƙashin Gulbin Ka

Zuru zuwa Dabai

Mun bar Zuru da asubar Talata, ana idar da salla, ni da Kawu Manu, yayan mahaifiyata. Shekarun nan ne na gab da mulkin kai, lokacin ina ɗinki a kasuwa. Kawu mai fito ne a Gulbin Ka, shi ke ƙetarar da mutanen ƙauyensu zuwa gonakinsu na hayi duk damina. Idonsa ya daɗe yana dushewa. Da rani muka kawo shi asibiti, kafin bazara ya daina gani sam.

Dalilin tafiyar kuwa, masu fito ba sa barin jirgi a tudu in ruwa ya janye, don rana tsaga shi take. Cika shi suke da duwatsu su nutsar a gurbi mai zurfi, sai an yi ruwan farko a ciro. In aka makara har gulbi ya kawo, yashi ya binne shi ke nan. To, saƙo ya zo cewa samari sun yi nitso har sun gaji, ba su same shi ba. Inna ta ce, "Yaya, mi za ka gani can?" Ya ce, "Ni na aje shi, ni za ni ɗauko." Ni dai na bi shi ne ina gunaguni, don na bar rigunan mutane a yanke.

Motar gishiri muka samu, muka hau kan buhuna. A Dabai ɗan doka ya tsayar da mu a shinge, ya leƙo, ya ce, "Baba, ina zuwa?"

"Nitso," in ji Kawu.

Ɗan dokan ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaga sandar shingen muka wuce.

Maga

Ba mu isa Maga ba sai la'asar, don sau biyu muna sauka tura mota a taɓo. Nan muka sauka gidan wani mai goro, tsohon abokin Kawu. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, na ci har na manta gunagunina. Maigidan ya nuna gabas da haɓa, inda hadari ya yi baƙi. Ya ce, "Ruwan ga da anka yi can, gobe ko jibi shina nan tahe ga gulbi." Kawu ya ture akushi ya wanke hannu, ya roƙi aron jaki.

Bakin gulbi

Da sassafe muka kama hanya, shi bisa jaki, ni a ƙasa ina ja. Hantsi ya ɗaga muka iso. Ruwa ya riga ya fara ja, yana tafe da kumfa da karan dawa. Rabin ƙauyen na tsaye a mashigi, wasu da irin shuka a ƙwarya. Bawa, mijin ɗiyar Kawu, ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe shi, ya ce, "Baba, mun laluba ko'ina. Ruwan ya gurɓace, ba a ganin komi."

Kawu ya ce, "Ashe ni da ku duka ɗaya muke cikinai. Kai ni ga gindin ƙiryar nan."

Ya tuɓe riga ya miƙo mini. Ya dafa saiwar itacen, ya bi ta da ƙafa har ruwa ya kai masa ƙirji, ya yi bisimilla, ya nutse. Ni da ko rafin bayan gari ba na shiga, sai na tsaya a gaɓa riƙe da rigarsa. Na fara tunanin abin da zan faɗa wa Inna.

Ya ɓullo can ƙasa da inda samari suka yi ta nema, ya tofar da ruwa. "Ga shi nan! Ya gusa, yashi ya ci gindinai. Bawa, taho da mutum huɗu. Ku hwara kwashe duwatsun baya, in kunka soma da goshi kihewa za shi yi."

Suka shiga, suna bin muryarsa. Su nutse, su fito da dutse, su miƙa baya. Shi kuwa bai fito hutu ko sau ɗaya ba, da hannu yake tonon yashi a ƙasa. Ban taɓa ganin mutum ya dace da wuri kamar yadda tsohon nan ya dace da ruwan nan ba. A gida sai an kama masa hannu zuwa bayan ɗaki, ga shi nan shi ke jan mutum biyar. Wajen azahar jirgin ya taso a hankali, baƙi wuluk, na maɗaci, ba tsaga ko ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa, aka sa ƙore aka kwarfe ruwan.

Aka kawo wa Kawu gwangwalarsa ta tuƙi. Ya tsaya a bayan jirgi yana shafa ta. Can ya miƙa ta gaba, ya ce, "Bawa, kana ina? Amshi. Ƙasan ruwa na iya, bisanai sai mai ido."

Ya laluba ya zauna a tsakiya tare da masu iri, ni ma na daure na shiga. Da jirgi ya kai tsakiyar gulbi ya yi tangaɗi, sai na ga ya damƙe gefe da hannu biyu. Ya ce, "Ummaru, ashe haka mutane ka jin tsoro? Ban taɓa zama cikinai ba." Aka yi dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini.

Komawa

Kawu ya ƙi biyo ni. Na kwana a ƙauye, da safe na tarar gulbi ya shafe saiwar ƙiryar gaba ɗaya, Bawa na ta jigila. Na mayar da jaki Maga, na sami mota, na shiga Zuru ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci. Ina godiya ga Allah da ya kai mu kafin ruwa, da mai goron Maga da ya ba mu masauki da jaki.

Inna ta tare ni a zaure tana duban bayana. Ta ce, "Ina ka baro shi?" Na ce yana mashigi zaune a inuwa, yana yi wa Bawa faɗa ya cika kaya gefe guda. Ta ce, "To, ya warke."