Ranar da Na Tona Ƙafar Malam

Wautar da na tafka a duniya tana da yawa, amma babu kamar ta ranar da bakina ya kusa raba makaɗan yankinmu da sana'arsu.

Ni makaɗin gangar noma ne daga wani ƙauye a ƙasar Baure. Boko aji biyu na yi, shi ma don ajin yana da inuwa. Da Shari'a ta zo, mutane suka ɗauka kowane irin kiɗa ya haramta. Masu gayya suka daina kiranmu, muka rataye ganguna.

Akwai jami'in al'adu na ƙaramar hukumarmu, muna ce masa Ofisa. Ko tafi bai iya daidai ba, amma shi ya haɗa mu ƙungiya, ya yi mana katin shaida, duk makaɗin da aka wulaƙanta shi ke tsaya masa. Ya yi ta sintiri a babur har kwamitin malamai suka yarda su ji kiɗan noma da kunnensu kafin su yanke hukunci. Ni ya zaɓa, don ko maƙiyina ya san hannuna.

"Baba, ganga kawai," in ji shi. "Bakin nan naka ka bar shi a gida."

Muka zauna gaban malamai. Ofisa ya yi bayani dalla-dalla: kiɗan rana ne, a gona, maza zalla, ba giya ba batsa, yana mantar da manomi gajiya. Na rataya ganga, na saki taken manoma. Can sai na hangi babban yatsan ƙafar shugaban kwamitin yana motsi a ƙarƙashin riga, daidai da bugun.

"Allah gafarta Malam," na ce, "ai ƙafarka ta riga ta ba da fatawa!"

Malam ya janye ƙafa, ya haɗe rai. Ofisa ya miƙe ko gezau bai yi ba.

"Malam ɗan manomi ne," ya ce. "Gonar mahaifinsa ƙafar ta tuna, kuma abin da muka zo nunawa ke nan."

Wani dattijo a cikinsu ya tuntsire da dariya. Bayan sun yi shawara aka ce kiɗan noma ya ci gaba, da rana, a gona.

A hanyar gida ina bayan babur rungume da ganga, Ofisa bai ko waiwayo ba ya ce, "Baba, tun da na kama aikin nan nake roƙon a bar ku ku yi magana. Yau ne kaɗai na so a ce an hana."